'Yan Tsaki a Tsakanin Shinge Biyu

Darakta bai taɓa zama darakta ba. Ya yi ritaya daga ma'aikatar gona yana mataimakin wani mataimaki, amma ranar da aka yi masa bikin sallama mai gabatarwa ya kira shi haka a lasifika, sunan kuma ya bi shi har gonar kajin da ya buɗe a bayan gari. Bai taɓa gyara wa kowa ba. A ganinsa, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan ya cancanci ƙarin girma, ko da na baka ne.

A safiyar da muke magana gonar tsit take. Makon da ya gabata ya sayar da tsofaffin kajin da suka ja baya da ƙwai, kaf ɗinsu, aka wanke ɗakunan da magani, aka baza sabon garin katako. Haka ƙaramin mai kiwo yake yi, sai tsofaffi sun fita sababbi suke samun wuri. Sababbin kuwa, 'yan tsaki dubu biyu da aka ƙyanƙyashe jiya-jiya, suna kan hanya daga wani kamfani na maƙwabciyar ƙasa, kuma duk abin da tsofaffin suka kawo a kansu ya ƙare. In sun iso, Darakta yana da gona. In ba su iso ba, yana da ɗakuna masu tsabta da allon suna a bakin titi.

Maiɗakinsa tana tsugunne tana hura gawayi a kaskon ɗumama ɗakin raino lokacin da wayarsa ta yi ƙara. Gajere ne, direban kamfanin, mutumin can ƙetare, wanda in zai shiga ɗakin kaji sai ya sunkuya.

"Darakta, kana ji na? Ina kan iyaka."

"Ai ya kamata a ce ka wuce ta tun ɗazu."

"Na wuce tamu. Taku ce ta ƙi buɗuwa. Wai daga tsakar daren jiya dokar ta fara aiki."

"Wace doka?"

"Taku mana. Ba kun ce kun fita ba?"

A bayan muryar Gajere akwai ƙugin inji, da wani siririn kuka mai yawa, kamar an tara ƙananan ƙofofi marasa mai ana buɗe su a lokaci guda.

"Kar ka kashe mota," in ji Darakta.

"Kashewa? Ko tsayawa ban yi ba. Fankar baya ta mutu tun a hanya, iskar tafiya ce kawai ke shigar musu. Zagaye nake yi. Ka zo."

Darakta ya san dokar. Yana cikin waɗanda suka roƙe ta.

Watannin baya, da gwamnati ta ce ƙasar za ta fice daga Tarayyar Tattalin Arzikin Yanki, ƙungiyar masu kiwon kaji ta yi hayar motoci ta kai 'ya'yanta babban filin taro don nuna goyon baya. Dalilinsu ba na wasa ba ne. Shekara da shekaru ƙwai da daskararrun kaji suna kwararowa daga ƙetare ba haraji, da araha kamar kayan sata, har akwai shekarar da Darakta ya haƙa rami ya binne ƙwan da ya ruɓe a hannunsa. Ciyaman ɗin ƙungiya ya yi jawabi, jijiyar wuyansa a tsaye. Shi kuwa Darakta, da yake tsohon ma'aikacin gwamnati ne, shi aka ba aikin tsara buƙatarsu, ya kuma tsara ta da lafazin ofis: kada kaza ta shigo ƙasar, mai rai ko matacciya, ko ƙwanta, ko duk wani abu da ya fito daga jikinta, sai da shaidar likitan dabbobi na ƙasa. An tafa masa. An ma nuno shi a talabijin, rabin fuska, a bayan kafaɗar Ciyaman.

Fili cike da masu kiwo, ba wanda ya tuna da 'yan tsaki. A wurinsu 'yan tsaki ba kayan waje ba ne, abu ne da Gajere yake saukewa da sassafe, kamar burodi. Alhali duk ƙasar babu injin ƙyanƙyasa mai aiki. Na gwamnati guda ɗaya da ake da shi, Darakta ne da hannunsa ya kai fayil ɗin rufe shi teburin da aka sa hannu.

Bayan taron aka ba da wa'adi, watanni suka shuɗe ba abin da ya canja, kowa ya ɗauka ficewar irin wadda ake yi a rediyo ce.

"Lafiya?" in ji maiɗakinsa.

"An tsare su a kan iyaka."

Ta dubi gawayin da ya fara ja, ta dube shi. "To me kake jira, Baban yara? Amma kar ka je musu da rigar nan mai warin kashin kaji. Ka sa kwat ɗinka na ofis, da igiyar wuyan. Su ga mutum."

Kwat ɗin ya matse a ciki, maɓallinsa ya ƙi haɗuwa da raminsa. Ya bar shi a buɗe.

Tun da sauran tafiya kafin iyaka ya fara wuce manyan motoci a jere a gefen titi. Direbobi na kwance a ƙarƙashinsu kan kwali. Daga wata motar ruwan tumatir yana ɗiga a kwalta, ƙudaje sun kafa gari a wurin. Darakta ya ajiye tsohuwar motarsa a gindin wata bishiya, ya nuna katinsa a shingen farko, aka bar shi ya shiga da ƙafa.

Tsakanin shingen ƙasarsa da na maƙwabta akwai fili mai kwalta, kamar girman filin ƙwallo. A tsakiya ginin haɗin gwiwa ne da Tarayya ta gina, a gabansa shataletale mai sandunan tuta uku, ta tsakiyar ba komai a kanta. Farar motar kamfanin tana zagaye shataletalen a hankali. Mutane sun tsaya a inuwar gini suna kallo, wani tsoho ma yana ɗaga wa direban hannu duk lokacin da ya wuce.

Gajere ya rage gudu, ya turo ƙofa, Darakta ya yi 'yar sassarfa ya afka ciki.

"Tun da nake tuƙi," in ji Gajere, "ban taɓa yin doguwar tafiya haka ban je ko'ina ba. In jiri ya kama ni sai in juya in bi ta hagu."

"Yaya suke?"

"Leƙa."

Akwai 'yar taga tsakanin gaban motar da bayanta. Darakta ya leƙa. Kwalaye ne a jere bisa kantoci, ta ramukan jikinsu ana hango ƙananan bakuna a buɗe. Ɗan tsakon da ya buɗe baki ya saki fiffike, zafi ne ya ishe shi. Na kantar sama suna kuka. Na ƙasa sun yi shiru, shirun ne kuma ya fi damun Darakta.

"Ba za ka iya mayar da su ba?"

"Haba Darakta, kai ma ka sani. Tsakon da ya fita ƙofar kamfani ba ya komawa, ko ɗan manaja ne. Tsoron cuta. Kuma man mota saura kaɗan, sai na ajiye na komawa gida. Zuwa azahar dole in tsaya."

Darakta ya sauka kamar yadda ya hau, ya gyara igiyar wuyansa, ya shiga ginin.

An raba zauren gida biyu da dogayen bencina. A ɓangaren ƙasarsa wani jami'in kwastan mai tauraro biyu a kafaɗa, wanda kowa ke kira Ofisa, yana zaune ƙarƙashin fanka. Na'urar da ke kan teburinsa a kashe take, an naɗe wayarta an ɗora mata a kai, domin ita ma ta Tarayya ce.

"Yallaɓai, farar motar can tawa ce. Wato kayan cikinta."

"Na gani, Baba. Tun safe take sa ni jiri."

"Rai ne a ciki. Ba sa jure zafi."

"Na sani. Amma ga abin da aka aiko mana." Ofisa ya ɗauko takarda ya fara karantawa da yatsa. "Kada kaza ta shigo, mai rai ko matacciya, ko ƙwanta..."

Darakta bai buƙaci a karanta masa ba. Leɓensa na motsi tare da na Ofisa, har yana riga shi kaiwa waƙafi.

"Ko wane ne ya rubuta wannan, ya san aikinsa," in ji Ofisa. "Galibi abin da ake aiko mana akwai 'yar kafar da mutum zai bi ya taimaki jama'a. Wannan ko iska ba ta ratsa shi."

"Haka ne," in ji Darakta. Abin kunya, wani ɗan daɗi ya ratsa shi. Duk tsawon aikinsa ba wanda ya taɓa yaba rubutunsa.

"To ina likitan da zai ba da shaidar?"

Ofisa ya nuna wata ƙofa da bakin biro. An garƙame ta da kwaɗo. "Tarayya ce ke biyansa. Jiya ya tattara, har butar shayinsa."

"Na ƙasa fa?"

"Za a turo. An ce ana kan kafa kwamiti."

Darakta ya san kwamiti. Ya taɓa zama sakataren wani da aka kafa don binciken mutuwar shanu, wanda ya miƙa rahotonsa bayan an yanka jikokin waɗanda suka tsira. Ya matso, ya sa hannu a aljihun kwat, ya rage murya, ya ce ko akwai yadda za a yi a fahimci juna. Ofisa ya dubi aljihun da tausayi.

"Baba, fitar da hannunka. Wannan ma sai da tsari. Yau rana ta farko ce, ga baƙi daga hedikwata suna yawo, ba wanda ya san wa ke kallon wa. Ka dawo bayan wata guda, komai ya zauna."

"Bayan wata guda sun yi fuka-fukai."

"Ka ga sai su tsallako da kansu."

Bai yi dariya ba, Darakta ma bai yi ba.

Ya tsallake bencinan zuwa ɗaya ɓangaren, ko za a bari motar ta koma cikin garinsu, a nemi mai kiwon da zai karɓa. Jami'ar kwastan ta can tana ɓare lemo. Ta saurare shi har ƙarshe.

"Sun riga sun fita daga ƙasarmu. In sun dawo, kaya ne daga ƙasar da ba ta cikin Tarayya. Sai da shaidar likitanku."

"Ba mu da likita."

"Ku kuka ce kun iya da kanku." Ba da gatse ta faɗa ba. Ta ma miƙo masa ɓarin lemo, ya karɓa ya ci, ya yi godiya.

A waje ya kira Ciyaman. Muryar ta fito da ƙarfinta na filin taro.

"Darakta, ai dole a ɗan ji jiki a farko. Yanzu ne za mu tashi tsaye mu kafa namu kamfanin ƙyanƙyasa. Zan sa maganar a taron wata mai zuwa, kai za ka tsara mana takardar."

A bayan muryar akwai kukan matasan kaji, irin na masu ƙoshi.

"Ciyaman, naka sun iso ke nan?"

"Wallahi sa'a ce kawai. Tun watan jiya na cika ɗakunana. Wani ɗan'uwa a ma'aikata ne ya ce in yi sauri."

"Ba ka faɗa mana ba."

"Ai na ɗauka kai da ka rubuta ka fi kowa sani."

Darakta ya ce haka ne, suka yi sallama cikin mutunci. Ya zauna a dakalin ginin. Rana ta taso sosai, kwalta ta fara sheƙi, farar motar tana nan tana zagaye, yanzu ta hagu. Ya lura cewa ɗinkin takalminsa na dama ya fara buɗewa, ya daɗe yana duban wurin.

"Ɗan nan, kai ne mai tsakin da ke yawo?"

Wata tsohuwa ce mai sayar da ruwan sanyi a kula, wadda duk ma'aikatan wurin ke kira Goggo. Tun kafin a yi ginin take zama a nan, ita kanta ba ta da tabbacin a wane ɓangare aka haife ta. An daɗe ba a kira Darakta ɗan nan ba. Ya ce shi ne.

"Kana ta bin masu tebur. Masu tebur mota suke tsarewa. Mu da muke wucewa da ƙafa, mai kwano, mai bokiti, wa ya taɓa leƙa mu? Ɗazu-ɗazun nan na wuce da zakara a hammata, Ofisa har tambayata ya yi lafiyarsa."

Darakta ya dube ta. Ya tashi ya koma ciki.

"Yallaɓai, tambaya ce kawai. In mace ta zo wucewa da 'yan tsaki a kwanonta fa?"

"Ni mota aka ce in tsare, da kwali mai tambari," in ji Ofisa. "Kwanon mata ba na leƙawa, ina da mutunci." Daga nan ya juya kujerarsa ta fuskanci bango, ya shiga karanta kalanda.

Tsarin mai sauƙi ne. Goggo za ta tara ƙawayenta masu talla. Gajere zai tsaya a inuwar gini ya buɗe motar, ya riƙa juye musu tsakin a kwanuka. Darakta zai koma gindin bishiya a bayan shingen ƙasarsa, da kwalayen da aka kwance aka ninke, tun da kwali ba komai a ciki ba kaya ba ne, ya riƙa karɓa. Ya ma yi magana da wani mai a-kori-kura ya jira shi. Kafin ya wuce, ya tsaya a bakin motar, cikin kwat da igiyar wuya, yana nuna wa matan yadda za su riƙe kwano kada tsakin su danne juna.

Da farko abin ya tafi daidai. Goggo ce ta fara isowa, sai ƙawayenta a bayanta, kowacce da kwano a ka yana kuka. Darakta ya riƙa kwashe su da tafin hannu biyu yana zubawa a kwali. Ba nauyi, kamar auduga mai zafi. Ya cika kwali ɗaya, ya cika na biyu, matan suka juya ɗauko wasu.

Sai wani mutum ya zo wucewa da hula cike da 'yan tsaki, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, Allah ya saka da alheri. A gaya wa na sama mun gani a ƙasa."

"Nan za ka ajiye," in ji Darakta.

"A'a, kar ka wahala, gida zan kai su. Na gode."

Ya wuce. Bayansa wani mai gyaran taya da nasa a cikin gwangwani, sai wasu mata biyu da Darakta bai gani a ƙawayen Goggo ba, sai direban motar tumatir da bokiti. Kowa ya zo daidai bishiyar sai ya gaishe shi da ladabi.

Abin da ya faru ba shi da wuyar ganewa. Mutane ɗaruruwa suna zaune tun safe ba aikin yi. Sun ga farar mota a gaban ginin hukuma, a ranar farko ta sabuwar doka, ana zuba wa mata 'yan tsaki ba a karɓar komai, wani babba mai kwat yana ba da umarni. Wani ya ce gwamnati ce ke rabo albarkacin ficewa, don kowa ya dogara da kansa. Ba wanda ya ƙaryata, don maganar ta yi kama da abin da ake ji a rediyo.

Wata mata mai goyo ta tsaya a gabansa. "Yallaɓai, abincinsu fa? Shi ma za a raba?"

"Ana kan kafa kwamiti," ya ji bakinsa ya faɗa.

Ta yi godiya ta wuce.

Ya laluba cikin ransa yana neman fushi, kamar mai laluben makulli a aljihu, bai samu ba. Ya bar kwalayen a hannun mai a-kori-kura, ya taka ya koma cikin filin. Ba gudu ya yi ba, kwat ɗin ba zai bari ba.

An yi layi a bayan motar, layi mai kyau, ba turereniya, irin wanda bai taɓa gani a ma'aikata ba. Rabin masu karɓa shingen ƙasarsa suke nufa, rabi kuma na maƙwabta. Goggo na gefe tana zage-zage, tana cewa na bawan Allah ne, ba wanda ke saurarenta, wata ma ta ce mata ta ci nata kason tana hana wasu. Gajere na cikin motar, gumi ya jiƙe shi har wando.

"Darakta, ni ban san su wane ne naku ba. Duk kwano iri ɗaya ne a idona. In na tsaya tambaya mutuwa suke yi. In rufe?"

Mutanen layin suka buɗa masa hanya. Ya leƙa ciki. Tun da motar ta tsaya bayanta ya zama tanda. Gajere ya ture kwalayen kantar ƙasa gefe guda, ba a buɗe su duka ba, ba kuma sai an buɗe ba. Na tsakiya suna numfashi sama-sama. Matan Goggo ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kafin su je su dawo sau nawa, Darakta ya san abin da za su tarar. In ya ce a rufe, tsakin nasa ne, kuma za su mutu suna nasa. Ya dubi layin. Wata tsohuwa ta cire ɗankwalinta ta shimfiɗa a cikin kwano don kada ƙarfen ya ƙona musu ƙafa.

"Ci gaba," in ji shi.

"Ka tabbata?"

"Ka fara da na tsakiya. Kar ka cika musu kwano da yawa."

Ya tsaya a wurin har aka gama, hannuwansa a baya. Wani ya kawo masa kujera, bai zauna ba. Wani kuma ya ɗauke shi hoto da waya.

Bayan la'asar filin ya koma yadda yake. Gajere ya share motar, ya zuba matattun a wani rami bayan gini, ya zo ya riƙe hannun Darakta ya daɗe bai saki ba. Ya ce zai gaya wa manaja, ko da yake bai san me manaja zai yi ba. Ya ja mota ya nufi shingen ƙasarsu, a miƙe. Goggo ta ce mutane ba su da ta ido, ta ba shi ruwa gora guda, ta ƙi karɓar komai. Mai a-kori-kura ya dubi abin da aka tara a gindin bishiya, ya ce gaskiya ba sai da shi ba, kujerar baya ma ta isa.

Maiɗakinsa ta kira.

"Kun taso?"

"Yanzu dai."

"Duka?"

"Wasu."

Ta san muryarsa tun kafin ya yi furfura. "To ka taho a hankali. Ka buɗe gilashi."

Ya sayi sukari a wurin mai shayi, ya jiƙa a ruwan Goggo, ya zuba a murfin gora. Ya zauna a bakin kujerar baya, ƙafafunsa a waje, ya cire kwat ɗin ya rataye a ƙofa. Yana ɗaukar tsako ɗaya-ɗaya yana tsoma masa baki sai ya ga takalma masu sheƙi a gabansa. Ofisa ne, ya tashi daga aiki, hularsa a hannu a kife, tana motsi.

"Baba, wata mata ce ta dire mini su a tebur, wai kason ma'aikata. Na san naka ne. In maido maka?"

Darakta ya leƙa hular. 'Yan kaɗan ne, ɗaya ya kwanta ya lumshe ido.

"Riƙe. Ba su za su tayar da gonar ba."

Ofisa ya tsaya yana juya hular. "To me ake ba su? Ni ban taɓa riƙe abin da ya fi biro rai ba. Akwai ragowar biskit a ofis."

"Kar ka ba su komai sai sun sha ruwa. Ruwa da ɗan sukari, a abu marar zurfi, in ba haka ba su faɗa ciki. In dare ya yi ka sa musu fitila kusa. In ka ga sun cunkushe wuri ɗaya, sanyi suke ji. In sun watse sun buɗe baki, zafi ne. Akwai kyanwa a gidanka?"

"Ta maƙwabta."

"Ita ce babbar matsalarka."

"Za su yi ƙwai kuwa?"

"In sun kai wata biyar. Duka mata ne, haka na ce a zaɓo mini."

Ofisa ya tsuguna a gefen motar, wandon kakinsa ya taɓa ƙasa. Darakta ya sa hannu a hular ya ɗauko wanda ya kwanta, ya riƙe shi tsakanin yatsu biyu, ya tsoma bakinsa a murfin, ya ɗago. Suka jira. Maƙogwaron tsakon ya motsa sau ɗaya.

"Haka za ka yi wa kowanne," in ji Darakta. "Miƙo na gaba."